Kwanon Hurera da Zumar Uwarta

Damina ce mai ruwa fiye da kima. Tun kafin marka ta kankama ƙasa ta ƙoshi, gero ya tsaya a gona yana rawaya, katangu suna zubewa da kansu ba wanda ya taɓa su. Itace ba ya kamawa, ashana ba ta tashi, gishiri ya narke a cikin ƙwarya. Duk wanda ka ce wa "ya ruwa?" a Kankara zai ce maka ruwa ya yi gyara, amma baki ne ke faɗa, ido yana kan rumbu. Hanyar mota ta yanke ta kowane ɓangare. Saura 'yan shekaru ke nan a ba mu mulkin kai, ni kuwa ina aikin jinya a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, da goyon ɗana na uku a baya.

Jikata da ƙawayenta na makarantar jinya su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Sukan zo da fararen kayansu su zauna a tabarmata, wata ta ce, "Kaka, ai ku a da aikinku mai sauƙi ne, zubar da fo da wankin zannuwa." Su yanzu ɗan yatsa suke sokawa, na'ura ta faɗa musu yawan sukarin da ke cikin jini kafin mutum ya gyara zama. Ba na musu da su, don kuwa na zubar da fo, na kuma wanke zannuwa har hannuna ya yi kanta. Sai dai akwai abin da ke tsakanin allura da kwano, wanda ban ga na'urar da ke aunawa ba.

Iya Tasalla ce ta koya mini aikin. Tsohuwar ungozoma ce 'yar Faskari, wadda aka ɗauka saboda matan kulle ba sa yarda disfensa namiji ya taɓa su. Ba ta karatu, shi ya sa da ta ji an ce akwai wata Asabe 'yar Sabuwa da aka auro, ta gama ajin yaƙi da jahilci, tana iya karanta sunan da ke jikin kwalba, ta zo har gida ta roƙi maigidana. Ranar farko ba ta bar ni na taɓa kowa ba. Ta ce in zauna a bakin ƙofa in saurari numfashi. "Kunne kafin hannu," in ji ta. Da yamma ta tambaye ni wace ce za ta kwana lafiya, wace ce za ta ba mu aiki, na faɗa, ta ce na ci rabi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai sirinjin gilashi da muke tafasawa a 'yar tukunya, da allurai da ake wasawa a dutse in sun dakushe. Akwai fo, da gwangwanin awon fitsari, da buhunan ƙaiƙayi. Kada ku raina buhun ƙaiƙayi. Mai ciwon zuciya mai kumburi ba ta iya kwanciya a miƙe, in ta kwanta ruwan da ke ƙirjinta zai taso ya shaƙe ta, dole a zaune take barci. Yadda za a jera mata buhuna a baya, ba ta zame ba, wuyanta bai karye ba, ƙafafunta suna ƙasa kaɗan, wannan kaɗai sai da na yi watanni kafin Iya ta daina warware nawa tana sake jerawa. Ma'auninmu na kumburi kuwa babban yatsa ne da warwaro. Ka danna ƙwauri, in ramin ya tsaya kamar ka danna tuwo mai sanyi, ruwa ne. In warwaron da ya nutse a hannu ya fara juyawa, ruwa ya fara tafiya.

Gwajin sukari Malam Lawal ne ya koya mini, disfensanmu, mutum mai ƙarancin magana, mai yawan goro. Akwai wani ruwa shuɗi kamar an tsoma shuni. A zuba shi a siririyar kwalba, a ɗiga fitsari kaɗan, a riƙe da matsefin itace a kan 'yar fitilar sifirit har ya tafasa. In ya tsaya shuɗi, lafiya. In ya koma kore, akwai kaɗan. In ya yi ruwan ɗorawa, a kula. In ya yi ja kamar jan tukunyar da aka fitar daga wuta, to sukari ya cika jini har ya tumbatsa. Bakin kwalbar ba ya kallon fuskarka, ba ya kallon ta kowa, don yana tofi. Wannan tabon da ke haɓata shi ne malamin da ya koya mini haka.

Masu kumburi da muke samu yawancinsu masu jego ne, kuma a damina suka fi zuwa. Kun san yadda ake yi: wankan ruwan zafi safe da yamma da ganyen runhu, kwanciya a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, kunun kanwa mai kauri da zaƙi har kwana arba'in. Ni ma an yi mini, na kuma tashi lafiya, haka mata da yawa. Amma wadda zuciyarta ba ta da ƙarfi, zafi da kanwa sukan tara mata ruwa. Ƙafa ta kumbura, a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Sai ta kai ba ta iya gama sallama ba tare da ta tsaya ta yi haki ba, sannan a ɗauko ta. Abin da na gani da idona a shekarun da na yi shi ne, in kumburi ya zo shi kaɗai, kwalba ta tsaya shuɗiya, akan yi jayayya da shi, sau da yawa kuma mace ta koma gida da ƙafarta. In ya zo kwalba tana ja, jayayyar takan yi gajarta. Gyambo ba ya warkewa, zazzaɓi ya shigo, maganin zuciya ya yi kamar ba a ba da shi ba. A farkon daminar nan ma mun rasa wata baiwar Allah daga Faskari a haka. Ruwan jikinta ya fara sauka, muna murna, amma kwalbarta ba ta taɓa barin ja ba, wata safiya ta tafi tana zaune.

Hurera a kan amalanken shanu aka kawo ta daga Tafoki, an rufe ta da tabarma saboda yayyafi. Haihuwarta ta huɗu ce, ɗa namiji ƙato wanda ya ba ungozoma wahala. Fuskarta ta cika har idanun sun shige, leɓunanta sun yi duhu, warwaro ya nutse a hannunta sai da muka sa sabulu muka bar guda ɗaya don awo. A lokacin Iya Tasalla ta koma Faskari, gwiwoyi sun hana ta aiki, ɗakin mata yana hannuna ni kaɗai. Wadda ta rako Hurera uwarta ce, Inna Dije, mutuniyar Sheme, gajeriya mai kaifin murya, da jaririn a bayanta da ƙunshin kaya a ka. Hurera ce autarta, don haka babu wata kara a tsakaninsu, a gaban kowa take kiran sunanta.

"Ina ake hura wuta a nan?" Abin da ta fara tambaya ke nan, tana leƙen ƙarƙashin gado.

Na ce, "Inna, a nan ba a hura wa mai kumburi wuta."

"To da mi za a kori sanyin? Da addu'ar Bature?"

Na ce mu fara da zaunar da ita tukuna. Na jera buhuna. Malam Lawal ya yi mata allurar da ke sa fitsari, ya ba ta ƙwayar zuciya. Da na ɗauki gwangwani zan zubar, na ga kiyashi sun riga ni. Na tafasa kwalba, ba ta tsaya a kore ba, ba ta tsaya a ɗorawa ba. Na kai wa Malam Lawal, ya duba, ya tofar da goronsa ya ce, "Biyu ne." Wato ciwon zuciya da na sukari.

Likita mai rangadi ya iso mu bayan 'yan kwanaki, a kan doki, motarsa ta tsaya a ƙetaren rafi. Ya ce da hanya na da kyau babban asibiti ya kamata a kai ta, amma ko an sami mota, girgizar hanya za ta gama da ita kafin a kai rabi. Ya bar mana wata 'yar kwalba ta allurar sukari, ya nuna wa Malam Lawal awonta, ya ce a ajiye ta a wuri mai sanyi. Muka sa ta a cikin tulu, tulun a cikin jiƙaƙƙen yashi, a kusurwar da rana ba ta kaiwa. Bayan ya tafi Malam Lawal ya kira ni ya yi mini magana mafi tsawo da na taɓa ji a bakinsa. Ya ce allurar nan kamar wuta ce a murhu. In an yi ta, dole abinci ya bi bayanta. In bai bi ba, za ta ƙone sukarin da ke jini har ya ƙare, mutum ya yi gumi mai sanyi, ya rikice, ya sume, wani ba ya dawowa. In haka ta faru, zaƙi ne maganin, kuma da gaggawa. "Zuciyar yarinyar nan jaki ne da ya sha kaya," in ji shi. "Ki ƙara masa kaya ya faɗi, ki hana shi ci ya faɗi."

Abincin mai ciwo biyu aiki ne mai zaman kansa. Ba gishiri, ba kanwa, ba zaƙi. Wake da zogale, faten acca in an samu, rama, ɗan nono marar tsami, tuwon dawa 'yar malmala ɗaya. A irin wannan shekara da masu lafiya ma suke auna abin da za su ci, sai ka nema. Kuma ba dafawar ce wahala ba, kwanonin 'yan dubiya ne. A ƙasarmu ba a zuwa gaida marar lafiya hannu sake, ba a kuma mayar da kwano. Wadda ta taka laka tun daga ƙauye da furarta, ka ce mata ba a so, ka yanke zumunci. Iya Tasalla ta koya mini a karɓa da hannu biyu, a yi godiya, a sa marar lafiya ta taɓa murfin ta sa albarka, sannan a kai wa masu jinya a baya su ci. Mai kawowa ta sami ladarta, marar lafiya ta tsira.

Kwalbar Hurera ta sauko zuwa ɗorawa, ta sauko zuwa kore, warwaro ya fara motsi. Sai wata safiya ta koma ja. Washegari ma ja. Ƙafar da ta fara saɓewa ta sake cika. Ban tambayi kowa ba, na dai bi kiyashi. Layinsu ya taso daga bakin ƙofa, ya bi gindin bango, ya hau ƙunshin kayan Inna Dije. Ƙanshin ma na san shi, zumar dajin Sabuwa ce, baƙa mai ɗan ɗaci a ƙarshe, irin wadda babana yake saukewa daga amya. A ɗan gora take. Kunun kanwa kuwa a gidan wata 'yar garinsu ake dama mata, ta shigo da shi a ƙarƙashin mayafi lokacin da nake sallar la'asar.

Ban yi mata magana a gaban ɗiyarta ba. Na ce, "Inna, zo ki riƙe mini wani abu, hannuna ya yi kaɗan." Na kai ta wurin fitila. Na zuba shuɗin ruwa a kwalba biyu. A ɗaya na ɗiga fitsarin Hurera, na ba ta matsefi ta riƙe da kanta. Tana kallo ya juye ya yi ja.

"Jini ne?" Ta tambaya.

"Ba jini ba ne. Inna, ara mini zuma kan tsinke."

Ta dube ni, na dube ta. "Wace zuma?"

"Wadda kiyashi suka ce kina da ita."

Ta yi tsaki. "Munafukai." Ta je ta ɗauko. Na narka ɗigo a ruwa, na sa a kwalba ta biyu, ta sake riƙewa. Ya yi ja, ja iri ɗaya, ko uwar da ta haife su ba ta bambanta su. Ta daɗe tana duban kwalaben nan.

"Wato abin da ni ke ba ta da baki, shi ke hita ta ƙasa?"

"Jikinta ba ya riƙewa, Inna. Kafin ya fita kuma sai ya wahalar da zuciyar. Kanwa tana tara ruwa, zuma tana tara wannan."

"Uwata da wanga kunu ta tashe ni. Ni da shi na tashi ɗiya bakwai."

"Ni ma da shi aka tashe ni. Hurera ce dai ba irinmu ba."

Ta ɗauki goran za ta juye a kwata, na riƙe hannunta. Sukarin ƙwaya da muke ajiyewa saboda mai allura ya narke da damshi tun tuni, kantin garin kuma babu, mota ba ta shigowa. Na ce ta ajiye, wata rana za a nema. Ban tsaya na yi mata dogon bayani ba, ana kirana a waje. Ta ɗaure bakin goran da tsumma ta cusa can ƙasan kaya tana cewa, "Guba a ɗaki, Allah shi kyauta." Daga ranar Inna Dije ta zama dogarin ɗakin. Ko rake yaro ya shigo da shi sai ta kore shi. Wata ta kawo alkaki, ta tare ta tun daga zaure. Kwalba ta koma kore ta zauna.

Ranar wata Juma'a ruwa ya ɗauke, rana ta fito, irin ranar da duk mai wanki yake gode wa Allah. Malam Lawal ya yi wa Hurera allurarta da hantsi, na ajiye mata kwanonta na wake da zogale a gefen gado, na kwashi zannuwan da suka taru na nufi rijiya a bayan gida. Ina fita baƙi suna shigowa: uwar mijin Hurera, wadda suke kira Gwaggo, da uban mijin, Malam Barau. Da asuba suka taso daga Tafoki. Gwaggo ta shiga ta zauna a ƙarshen gado ta karɓi jikanta, Malam Barau ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa, inda yake jin komai bai shiga ɗakin mata ba. Inna Dije ta gaishe su ta fito baya ta ɗora musu tukunya, kamar yadda ya kamata. Hurera ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ku 'yan yanzu da kuke cin abinci kwano ɗaya da surukanku sai na faɗa muku. A lokacin mace ba ta ci a gaban iyayen mijinta. Ba ta shan ruwa, ba ta ɗaga ido, ko sunansu ba ta faɗa. Gwaggo ta ce mata, "Ci abincinki mana," sau ɗaya, kamar yadda ake faɗa, ita kuma ta ce ta ƙoshi, kamar yadda ake amsawa. Kowa ya yi abin da aka koya masa. Suka zauna suna ba ta labarin gona da na wanda katangarsa ta faɗi, har rana ta take tsaka. Malam Lawal ya rufe ɗakin magani ya tafi masallaci. Malam Barau ma yana shirin tashi.

Ina shanya na ji salati. Na shigo na tarar da Gwaggo a tsaye da jariri, Malam Barau ya leƙo da kai yana karanta kalmar shahada da ƙarfi don a laƙƙana mata. Hurera ta zame daga kan buhuna, mayafi ya faɗi, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Gwaggo ta ce kafin Hurera ta faɗi sai da ta yi wata dariya, ta kira mijinta da sunansa tsirara a gabansu, abin da ba ta taɓa yi ba. "Iska ce," in ji Gwaggo. "Ko kuwa tahiyar ce ta zo."

Na taɓa goshinta, sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf. Na saurari numfashin. Ba irin na ruwa a ƙirji ba ne, babu kurarin nan. Na ɗaga murfin kwano. Wake yana nan yadda na zuba shi, da shatin ludayina a kai.

Na tashe ta zaune na tokare ta da kafaɗata, na ce, "Inna, zumar nan."

Inna Dije tana bakin ƙofa da muciya a hannu. "Wace?"

"Ta cikin gora. Yi sauri."

"Ke Asabe, kin haukace? Ke da bakinki kika ce guba ce! Da hannuna na riƙe kwalba!"

"Jiya guba ce. Yanzu ita ce magani."

"Ɗiyata tana mutuwa ki ce in ƙarasa ta?" Ta zauna daram a kan ƙunshin kayan, ta rungume shi.

Ban iya sakin Hurera ba, in na sake ta za ta kwanta, ruwa ya taso. Ban kuma ɗaga murya ba, mai firgici ba ya jin ihu. Na ce, "Inna, dubi kwanonta. An yi mata allura ba ta ci ba. Kin taɓa hura wuta ki bar tukunya ba ruwa?"

Ta dubi kwanon. Ta dubi Gwaggo. Na ga lokacin da ta gane dalilin da ya sa ba a ci ba, don ita ma 'yar kunya ce, ta yi wa nata surukan.

"In ta tahi da zuma a baki fa?"

"Ki ce ni na ba ta. In kuma ta tafi babu, ke kika hana."

Ban san inda na samo wannan magana ba, ba irin tawa ba ce. Ta kwance ƙunshin, ta sa haƙori ta warware tsumman. Wanda ya suma ba a ɗura masa abu, zai shaƙe. Na karkatar da kan Hurera, na lakato da yatsa na shafa a cikin kumatu da dasashi, na murza daga waje, na sake lakatowa. Malam Barau bai daina karatu ba, ni ma ban ce ya daina ba. Na ce wa Inna Dije ta riƙa kiran sunanta. Ta yi ta kira, tun da ƙarfi har ya koma kamar mai lallashin yaro.

Maƙogwaro ne ya fara motsi. Ta haɗiye. Na ƙara. Can idanun suka dawo, suka tsaya a kaina, suka wuce kan uwarta, suka sauka a kan Gwaggo. Hannunta ya fara lalube a kan gado. Na ɗauka ruwa take nema. Mayafinta ta jawo ta rufe fuska.

Gwaggo ta saki baki. "Au! Wato kunyata ce za ta kashe ki? Ni na yi wa uwar Malam kunya har ta bar duniya, ban taɓa suma ba!"

"Ke ba a yi miki allura ba," in ji Inna Dije, tana share hawaye da bayan hannun da ke riƙe da gora.

Gwaggo ta juya wajen mijinta ta ce, "Malam, tashi mu ba ta wuri. Mun zo dubiya mun kusa yin jana'iza."

Malam Barau ya naɗe buzunsa ya ce, "Ni dama masallaci za ni." Ya tafi ya sami huɗuba ta ƙare.

Da ɗaki ya zama namu, Hurera ta cinye waken nan da sanyinsa, uwarta tana ƙirga mata loma da ido. Malam Lawal ya dawo ya riƙe hannunta ya daɗe yana sauraron bugun, ya ce zuciyar ta sha wuya amma ta riƙe, da an ƙara ɗan lokaci da ba ta riƙe ba. Ya rage awon allurar. Inna Dije ta tare shi da gora a hannu ta ce, "Malam, ku tsai da magana ɗaya, guba ce ko magani?" Ya ce, "Tambayi kwano," ya wuce.

Hurera ta koma Tafoki a kan jaki bayan an yanke dawa, warwaro yana yawo a hannunta. Ba warkewa ta yi ba, irin wannan ba ya warkewa. Ta riƙa zuwa ana duba ta, ta yaye yaron nan, ta ga ya fara bin awaki. Amma wannan daga baya ne.

Washegarin Juma'ar, tun kafin Malam Lawal ya buɗe ɗakin magani, na ɗauko tsohon asabari daga gida, na ɗaura igiya daga ginshiƙi zuwa taga, na rataye shi ya kewaye gadon Hurera. Surukanta sun kwana a garin, na san za su dawo sallama. Suka zo, na shimfiɗa musu tabarma a wannan gefen, na ce su yi ta hirarsu, tana ji. Na shiga bayan asabari da kwano, na ajiye goran zuma a kan taga inda hannu zai kai. Malam Lawal ya aiko a tambaya ko a kawo allura. Na ce a ce masa ya dakata tukuna. Na buɗe murfi, na zauna a bakin gado, na jira ta kai loma ta farko.